Littafi Ma Yana Da Ƙofofinsa



Maganarmu ta yau a kan ƙannenmu ne na ƙauyukan Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda suka iya haɗa baƙi, amma ba a nuna musu yadda ake neman abu a cikin littafi ba. Abu biyu ne daban, ko da yake makarantunmu sun ɗauke su ɗaya.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noma ya sake kama a wannan yanki. Mutumin da kakanninsa suka san gero da dawa sai ga shi yana noman shinkafa da alkama da tumatir, rani da damina. Shi kuwa wannan noma da takarda yake tafe: ƙasidun malaman gona na Samaru, da jadawalin zuba taki, da rubutun jikin kwalbar maganin feshi. Wa ake miƙa wa takardar in ta iso gida? Yaron da ke firamare. Shi kuma sai ya kama daga layin farko da ƙarfi, yadda aka saba masa a aji, kafin ya kai inda ake so uban ya gaji ya ɗauki fartanyarsa.

Abin mamaki, ɗan Kadawa ya fi kowa sanin yadda ake raba abu mai yawa. Ya ga ruwa ya baro Tiga a babbar magudana, ya rabu zuwa ƙanana, har ya isa bakin gona, kuma ya san ba mai buɗe ƙofofin duka don ya shayar da fili ɗaya. To, littafin ilmi haka aka gina shi. Shafin "abubuwan da ke ciki" shi ke nuna manyan rassa, kanun magana su ne ƙanana, fihirisar ƙarshe kuwa, wadda aka jera bisa abacada, ita ke kai mutum shafin da yake so kai tsaye.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji ana cewa babi kaza, fasali kaza. Mai neman hukuncin rafkanuwa a salla ba ya faro Risala daga bangon farko. Babin yake nufa. Malaman zaure sun daɗe suna bambanta matani da sharhi da abin da aka rubuta a gefe. Makarantar boko ce ta bar yaro da hadda, shafi bayan shafi, don jarrabawa.

Inda abin ya fi tayar mana da hankali shi ne jadawali. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Jihar Kano, mutane suka yi ta feshi ba ƙaƙƙautawa. A jikin kwalbar maganin akwai jadawalin da ya faɗi awon da za a zuba a ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani, akwai kuma zanen gargaɗi. Yaron da bai san jadawali ana bin sa daga gefe ne da kuma daga sama, a tsaya inda suka haɗu, yana iya karanta wa ubansa awon shinkafa a madadin na tumatir. Wannan tumatir kuwa Kwanar Gafan za a kai shi, daga can ya shiga tukunyarmu duka, har ta masu manyan ofisoshi.

Mawallafa ma suna da nasu laifin. Littattafan Hausa nawa muka buɗe muka tarar ba fihirisa, hoto ba bayani a ƙarƙashinsa, taswira ba abin da ke fassara alamominta? Ku da kuka fara aiki a ma'aikatun ilmi da na gona, in takarda ta zo teburinku kafin a buga, ku tambayi wannan.

Mu ɗalibai kuwa, ga abin da muke roƙo a yi a hutu mai zuwa. Kowa ya tara yara biyar ko shida a unguwarsu, ya ba su littafin kimiyya ko ƙasidar noma, kada ya ce su karanta. Tambaya zai jefa musu: a wane shafi aka yi maganar taki? Wanda ya fara samowa ya faɗa wa sauran ta inda ya bi. Kashegari a ɗauko jadawali, jibi taswira, a sa kowa ya nemo garinsu. Ranar ƙarshe a kwafo musu rubutun jikin kwalbar feshi a takarda, ita kwalbar a bar ta nesa da hannunsu.