Ƙa'idar Abin Al'ajabi a Cikin Ƙagaggen Labari



An nemi in yi magana a kan rubuta ƙagaggen labari, musamman irin wanda ake sa aljanu da dodanni da sihiri a cikinsa. Fagen yana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka zan kama abu guda in riƙe, watau cewa ƙarya ma tana da ƙa'ida, kuma marubucin da ya karya dokar da ya kafa da hannunsa ya rabu da mai karatunsa ke nan.

Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mini rubutunsa in duba. Hausarsa ba laifi. A babi na tara maƙiya suka jefa jaruminsa cikin rijiya gaba dubu, suka rufe bakinta da dutse, har na gyara zama don in ga yadda zai fita. Sai kawai jarumin ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani zobe wanda ba a taɓa ambatarsa ba, ya murza, sai ga shi a ɗakin uwarsa. Da na tambayi ɗalibin inda zoben ya fito, sai ya ce ai labarin aljanu ne, kome yana iya faruwa. To, nan kuskuren yake. In dai kome yana iya faruwa, babu sauran abin da zai sa gaban mai karatu ya faɗi, domin ya riga ya san duk ramin da aka jefa jarumi akwai wani zoben yana jira a aljihu.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a fara buga littafi. Ku tuna yadda ake ba da labarin maharba da 'yan tauri: ba a ba mutum magani sai da sharaɗi, a ce kada ya ci abu kaza, ko kada ya kusanci abu kaza. Daɗin labarin kuwa yana cikin sharaɗin, gama mai sauraro ya san akwai ranar da za a karya shi, ita yake jira. Haka Gizo a tatsuniya. Ba shi da ƙarfi, da wayo yake cin nasara, kwaɗayi kuma shi ke kā da shi. In mai tatsuniya ta ce Gizo ya ɗaga giwa ya fyaɗa da ƙasa, yaran da ke gabanta ne za su fara yi mata gardama. Hatta birnin Jangare, wanda 'yan bori ke cewa can iskoki suke zaune, ba a bar shi kara zube ba: akwai sarki, akwai gidaje da dangantaka, kowane iska da launin tufafinsa da irin dabbar da ake yanka masa. Turawa ma ba su tsira daga wannan doka ba. A cikin babban labarin da Tolkien, wani malamin jami'a a Ingila, ya fitar a 1954 da 1955, akwai zobe mai ɓatar da mutum daga gani kamar layar zana, amma duk wanda ya riƙe shi sai ya riƙa cin zuciyarsa sannu a hankali. Wannan diyyar da ake biya ita ce ta riƙe labarin tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Sa'an nan abin al'ajabi yana bukatar ƙasa mai tauri da zai tsaya a kanta. Ku dubi littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East. Malam Bello Kagara bai fara Ganɗoki da aljanu ba. Ya fara da abin da masu karatunsa suka gani da idonsu ko suka ji daga bakin iyayensu, watau zuwan Turawa, da cin Kwantagora a 1901, da yaƙin Burmi a 1903. Sai da ya sa muka amince da mutumin a ƙasar da muka sani, sa'an nan ya ɗauke shi zuwa ƙasashen gabas inda yake karawa da aljanu, muka kuwa bi shi ba musu. Ƙanensa Abubakar Imam ya bi wata hanyar a Ruwan Bagaja. Ruwan yana can ƙasar aljanu, amma mafi yawan littafin a garuruwan mutane yake, a kasuwa da gaban alƙali, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ramuwar gayya. A ganina da babu Zurƙe da ruwan nan bai dami kowa ba.

Ku ma'aikata, a nan kun fi ɗalibai jari, ko da yake ba ku sani ba. Kun san yadda takarda ke kwana a kan tebur, da yadda ƙaramin ma'aikaci ke tsoron na sama da shi. In kun gina fadar Sarkin Aljanu, ku tambayi kanku wa ke karɓar haraji, wa ke tsaron ƙofa, wa ke jin haushi don an naɗa ɗan'uwansa an bar shi. Ba lalle ne duk amsoshin su shiga littafin ba, amma mai karatu yana gane marubucin da ya san su.

Game da aro kuwa, ba aibi ba ne. Da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa, amma Imam ya tuɓe musu tufafinsu ya sa musu riga da rawani, ya kuma ba akun dalilin yin magana, watau ya hana Musa ɗan sarki fita ya faɗa tarkon Waziri. Abin da nake gani a rubutun wasu matasa a yau shi ne dodon da aka ciro daga fim yadda yake, aka liƙa masa sunan Hausa kawai.

Shawarata ta aiki ita ce, kafin ka rubuta babi na farko ka sami takarda dabam ka rubuta dokokin duniyarka: me sihirin ke iya yi, me ya gagare shi, me ake biya. In akwai zobe a babi na tara, a gan shi tun a babi na biyu, a kuma san illarsa. In ka gama, ka karanta wa ƙannenka da baki, ka lura da wurin da suka fara tambayarka yaya aka yi haka, ka koma can ka gyara. Ɗalibin nan da na ambata ya cire zoben, ya ce mini jaruminsa ya kwana uku a rijiyar kafin ya gano masa mafita.

Shugaba, nan zan tsaya don a sami lokacin tambayoyi.