Kafireta Biyu, Murya Ɗaya: Jawabin Da Aka Gabatar Wa Matasan Bakanikai A Taron Ƙungiya, Sabo Ibadan

 

An nemi in yi magana a kan gyaran kafireta, musamman a tsofaffin motocin nan masu kafireta biyu. Na san wani yaro zai ce, "Baba, ai yanzu zamanin injekta ne da kwamfuta." Haka ne. Amma tsofaffin ba su ƙare ba. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970 tana nan a hannun mutane, kuma akwai masu ajiye motocin iyayensu kamar ƙwai. Masu iya gyaran ne suke ƙarewa.

Bari in ba ku labari. Kwanakin baya wani Bayarabe maƙwabcinmu ya kawo mana MGB, ƙirar Ingila, irin wadda aka yi daga 1962 zuwa 1980. Gadon mahaifinsa ce. Injinta silinda huɗu ne, da kafireta biyu ƙirar SU. Ta gaba tana ciyar da silinda ta 1 da ta 2, ta baya ta 3 da ta 4. Motar tana rawa a silo, tana mutuwa a mahaɗa. Na yi tafiya, yarona ya kwana biyu yana murɗa noti, har ya ce wa mutumin sai an sayi sabuwar kafireta. Da na dawo na duba, ashe gaskit ne ya tsage, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. To jama'a, da mutumin nan ya kashe kuɗinsa ciwon bai tafi ba, me zai faɗa a gari? Ba yaron zai ambata ba, cewa zai yi Hausawan Sabo sun cuce shi. Mu da muke zaune a garin wasu, sunanmu shi ne jarinmu.

Saboda haka darasi na farko: kafireta ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa. Ka fara da bawul, ka auna tazararsu injin yana sanyi. A wannan mota inci 0.015 ne. Ka duba kwantak da tayimin. Ka kwance filogi ka karanta su, domin ba sa ƙarya. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko iska tana satar shiga. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In biyun gaba baƙaƙe ne biyun baya farare, ka san tagwayen nan ba sa jituwa. Sai ka nemi inda iska ke shiga: ɗiga ɗan baƙin mai a bakin gaskit da gefen sandar totur, in ƙarar injin ta sauya, ka kama ɓarawo.

Sannan ka zo kan kafiretar kanta. Cire matatar iska. Ɗaga fistan ɗin da ke cikin kowace da yatsa ka saki. Ya kamata ya sauko sumul, ka ji ya ce ƙwas. In ya maƙale, datti ne ko allura ta karkace. Ka duba man da ke cikin kofin sama, in ya ƙafe motar za ta riƙa shaƙewa idan an taka totur. Ka duba fulot. Wannan kada a yi wasa da shi, don a motar nan kafireta tana zaune ne a saman bututun hayaƙi, in fetur ya yi ambaliya gobara ce. Allah ya kiyaye.

Yanzu sai daidaitawa. Ka bar injin ya yi zafi sosai, ka tabbata cok ya koma. Sassauta notin sandar da ta haɗa totur ɗin biyu, don kowace ta tsaya da ƙafarta. Ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin kafireta ta gaba, ka saurari yadda take shaƙar iska. Koma ta baya, ka ajiye tiyon a daidai irin wurin. Wadda ta fi tsaki ta fi ja. Ka juya sukurun silo kaɗan-kaɗan har muryoyin su zama ɗaya, injin yana juyi kamar 800 a minti. Akwai ma'aunin iska da ake kifawa a bakin, in kana da shi madalla. In babu, kunnen da ya saba ya wadatar.

Daga nan sai cakuɗar fetur. A tsohon samfuri akwai noti mai fuska shida a ƙarƙashi: ka sauko da shi fetur ya ƙaru, ka hau da shi ya ragu. Fuska ɗaya-ɗaya ake juyawa, ba da garaje ba. Gwajinsa, ka ɗaga fistan kamar milimita 1. In ƙara ta tashi ta zauna a sama, fetur ya yi yawa. In ta faɗi, ya yi kaɗan. In ta ɗan tashi ta koma, an dace. Ka yi wa ɗaya, ka yi wa 'yar'uwarta, ka sake saurare da tiyo, sannan ka ɗaure sandar. Taka totur a hankali ka ga fistan biyun sun tashi tare. Fita da motar, ka dawo ka sake karanta filogi.

Motar maƙwabcin namu, gaskit ɗaya da aikin yini guda suka tashe ta. Ya dawo da abokansa biyu.

Kirana ga iyayen gida, mu daina ɓoye ilmi, kabari ba ya gyaran mota. Ku kuma yara, ku yi haƙuri ku bincika kafin ku ce a sayo. Abin da ba ka gane ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Ƙofar garejina a buɗe take ga mai son ya koya.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.