Yawon Ƙafa a Bakin Kogin Aln: Jawabi a Taronmu na Shekara

Mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da Sakatare ya ce in yi magana kan kwas ɗin da ma'aikatarmu ta tura ni Ingila a 2023, sai na ga in na shiga zancen aiki kowa zai yi gyangyaɗi bayan wannan tuwo. Saboda haka zan ba ku labarin wata Asabar guda, musamman don Malaminmu na Labarin Ƙasa, wanda ga shi can zaune.

Daga Newcastle na hau jirgin ƙasa na yi arewa, tafiyar kamar rabin sa'a, na sauka a tashar Alnmouth. Garin ƙarami ne, yana daidai inda Kogin Aln ya faɗa teku. Tashar tana wajen gari, don haka sai na taka da ƙafa ta gefen gonaki, na haye gadar dutse na shiga.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne wani ɗan tudu a ƙetaren kogi, da gicciyen katako a kansa. A dā tudun nan a haɗe yake da gari, cocin garin ma a kansa yake, kogin kuwa ta kudu da shi yake bi. A ƙarshen Disamba na 1806 aka yi wata gagarumar guguwa, ruwa ya fasa rairayi ya buɗe sabuwar hanya ta arewa, ya raba tudun da gari. Sabon bakin kogin bai kai tsohon kyau ga jiragen ruwa ba. Garin da ke fitar da hatsi sai kasuwarsa ta fara ja da baya, zuwan jirgin ƙasa a 1847 ya ƙarasa ta. Manyan rumbunan hatsin nan yau gidajen kwana ne. Malam, ka sha zana mana a allo yadda kogi ke sauya hanya, mu kuwa muna bayan aji muna cin gyaɗa. To, ga shi na gani da idona.

Na isa ne teku ya janye. Kogin ya zama ɗan siriri tsakanin laka da yashi, kwale-kwale duk sun kwanta a gefe. Na ce a raina wannan ai bai kai rafin da muke tsallakewa ran wanki ba. Har na fara naɗe wando, sai wani dattijo mai jan kare ya ɗaga mini murya. Ya ce ruwan yana da ja, ƙasan ba ta da tabbas, kuma teku ya kusa juyowa. Ya tambaye ni ko na duba jadawalin cikar teku. Ni da digirina, ban ma san ana buga irin wannan jadawali ba. Sau biyu a rana teku ke cika ya janye, kowane zango kusan sa'a shida, wata ne ke jan sa, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Duk wannan mun rubuta shi a jarrabawa, wasunmu ma sun ci.

Na haƙura na yi arewa ta bakin teku zuwa Boulmer, wani ƙauyen masunta, kamar mil uku. A rairayin akwai jerin manyan tubalan kankare da aka ajiye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tare tankokin yaƙin Jamus in sun sauko. A bayan wani na fake wa iska na yi azahar. Sanyin yashin nan har yanzu goshina bai manta ba.

Inda rairayi ya ƙare, hanyar takan hau tudu ta ratsa makiyayar tumaki da filin wasan golf. Abin da ya burge ni shi ne dokarsu ta ba mai tafiya a ƙafa ikon bin waɗannan hanyoyi ko da sun ratsa gonar wani. Mai gona ba ya da ikon toshewa, kai kuma ka rufe ƙofa in ka wuce, kada ka kauce. Ni da aikina ya shafi filaye, na tuna takardun rikicin burtali da ke jibge a kan teburina. Ba na cewa sun fi mu hankali, amma tasu hanyar tana cikin taswira, ga alama a kafe.

Da la'asar na komo Alnmouth na tsaya inda na naɗe wando da safe. Babu laka, babu yashi. Ruwa ya shafe wurin daga gaɓa zuwa gaɓa, kwale-kwalen nan duk suna lilo a kai. Na daɗe a tsaye, sannan na nemi shayi mai zafi na kama hanyar tasha.

Malam, a yafe mana gyaɗar nan.