Bayan Ruwa Ya Janye: Yadda Za Mu Riƙe 'Yar'uwar Da Firgici Ya Kama

(Jawabin da jagorar ƙungiya za ta gabatar a zaman mako, bayan an gama zubi)

An gama zubi, an rufe akwati, to kafin kowa ta ja mayafinta ku ba ni aron kunnuwanku. Yau maganar ambaliya za mu yi, da abin da take bari a zuciyar mutum bayan ruwa ya janye.

A daminar 2022 ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin inda abin ya fi tsanani. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane na barci. A daminar nan dai Maraɗi ma ta sha wuya. Idan irin wannan ta faru akan kawo shinkafa, tabarma da gidan sauro, kuma mun gode. Amma akwai raunin da ba ya jini, shi ya sa masu rabon kaya ba sa ganin sa. Mu da muke zaune tare mu ne za mu gani, tunda labarin zuciya a tambayi fuska.

Yaya ake gane shi? Za ku ga mace ta daina barci, ko ta riƙa mafarkin ruwa tana zabura. Hadari na haɗowa gabanta ya yanke ya faɗi. Wata ba ta son ko bi ta bakin rafi. Wata ciwon kai da ciwon jiki ba sa sakin ta, abinci ba ya shiga. Wata mai haƙuri ce a da, yanzu abu kaɗan ta hau yara da faɗa. Wata ta ƙirga cinikinta sau uku lissafi na kwance mata. Wata kuma kullum zancenta ɗaya: “Da na riƙe shi da kyau, da ruwa bai tafi da shi ba.” Yara ma suna yi. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma, ko ya maƙale wa uwa, ko ya ƙi makaranta.

Me ke kawo haka? Lokacin haɗari jiki yakan ɗaura ɗamarar gudu, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya hau, barci ya ƙaura. Wannan shi ke ceton rai. To a wajen wasu, haɗarin ya wuce amma jiki bai kwance ɗamarar ba. Kun san kazar da shirwa ta taɓa ɗauke wa tsako, ko inuwar ganye ta gifta sai ta ruga. Haka abin yake. Saboda haka kar mu yi saurin cewa iska ce ta shafe ta, ko a ce ba ta da tawakkali. Wanda ya karye ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wajen maɗori. Labari mai daɗi shi ne, yawancin mutane sukan samu sauƙi cikin makonni idan suka samu wurin kwana, abinci da mutanen da ke tsaye a kansu.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun fitar da jagora kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali. Ba sai likita ba, kowaccenmu za ta iya. Abu uku ne.

Na ɗaya, duba. Wa ta daina zuwa zubi? Wa ta yi shiru alhali da ita ce mai ba mu dariya? A fi sa ido kan mai ciki, mai jego, tsohuwa da wadda ta rasa wani nata.

Na biyu, saurara. Ki je gidanta, ki zauna, ki kama mata tsinkar zogale ko surfe. In ta yi magana ki ji, in ta yi kuka ki bar ta ta yi. Kar ki matsa mata sai ta ba da labarin daren. Kar ki ce “ki manta kawai” ko “ai wance ta fi ki asara”, wannan rufe mata baki ne. Ki ce, “Yaya, ina tare da ke, me kike buƙata yau?” In ƙirjinta na bugawa, ku ja numfashi tare a hankali, ku ƙirga huɗu, ku sake shi kuna ƙirga shida, har jiki ya lafa. Abin da ta faɗa miki kuwa amana ne, kar ya je bakin rijiya.

Na uku, sada ta da taimako: danginta, inda ake rubuta sunayen masu karɓar agaji, da ma'aikaciyar lafiya.

Yanzu ku riƙe wannan da kyau. Akwai lokacin da zama da hira ba su isa ba. Idan an haura wata ɗaya abin bai ragu ba, ko ta kasa kula da kanta da jaririnta, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta koma shan ƙwayar barci daga kemis ba da izinin likita ba, a raka ta asibiti. Idan kuwa ta ce gara ta mutu ta huta, kar a ɗauka wasa. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kar a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ɓera da na feshin gona, a sanar da maigidanta ko wani babba da ta yarda da shi, a kai ta asibiti a ranar. Daga asibitin kusa ake tura mutum babban asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Kware a Sakkwato, na Dawanau a Kano, na Kaduna ko na Maiduguri. Zuwa can neman magani ne kamar kowane, ba abin gori ba ne.

Sai batun akwatinmu. Wadda ruwa ya tafi da awakinta da jarinta, bashin da ke kanta kaɗai ya isa ya hana ta barci, kunya kuma ta hana ta zuwa cikinmu. In muka ci ta tarar fashi, mun ƙara mata wani ciwon. Shawarata, tun kafin damina mu rubuta a dokokin ƙungiya cewa wadda bala'i ya shafa za a ɗaga mata lokacin biyan rance, ta yi zubi mafi ƙanƙanta har ta miƙe, a kuma biya kuɗin motar asibiti daga asusun taimakon juna. In an rubuta tun ana zaman lafiya, ba mai cewa an yi son kai. Kuma ko ba ta da ko sisi, a aika a taho da ita ta zauna a tabarmar nan, domin kaɗaici na ƙara ciwon.

Masu ziyara su ma ruwan nan ya taɓa su, don haka a riƙa karɓa-karɓa, kar nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

Kafin mu tashi, mu zaɓi mata biyu masu riƙe sirri da za su zagaya gidajen waɗanda ba mu gani ba yau. Magatakarda, a buɗe littafi a rubuta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya kiyaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. To, wa za mu zaɓa?