JAWABI A KAN GIWAYEN WAZA DA KARATUN 'YA'YANMU



Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta giwa, da binciken da 'yan jami'a ke yi a kanta. Wani zai ce ina ruwan mai sanda da littafin 'yan boko? To, a saurara.

Kowa a nan ya san dajin Waza. A 1968 gwamnatin Kamaru ta mai da shi gandun namun daji, faɗinsa kimanin eka ta Faransa 170,000. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, ruwan Logon ya daina malala cikin Yayre kamar da. Ciyawa ta ragu, tafkuna suka riƙa ƙafewa da wuri. Dattawanmu sun ga wannan da idonsu. Abin da ya sami saniya shi ya sami giwa, don ita ma ruwa da ci take bi. Babbar giwa takan sha lita 100 zuwa 200 a yini, wato abin da zai shayar da shanu da dama.

Wani ɗan ƙasar nan, Martin Tchamba, ya bi sawun giwayen Waza, har aka ɗaura wa wasunsu na'ura a wuya don a san inda suke nufa. Da wannan aiki ya sami digirin dokta a ƙasar Holan a 1996. Ya nuna cewa wani garke kan yi arewa zuwa Kalamalue, kusa da Kusiri, da rani, wani kuma kan gangara kudu wajen Kaele da damina, ya afka wa gonakin dawa. Aiki ne mai kyau. Amma ku lura, yawancin irin wannan bincike ɓarnar gona yake ƙidayawa: buhu nawa aka yi hasara, manomi nawa ya kai kuka. Wa ke ƙidaya kwanakin da garke ya yi yana kewaye tafki saboda giwaye sun riga shi? Wa ke rubuta burtalin da aka toshe don manomi ya gudu daga hanyar giwa ya sake gona a kansa? Ga shi kuwa hukuma da takarda take aiki. Abin da ɗalibi ya rubuta yau, gobe shi za a buɗe a ofis a ja iyaka da shi. Ko sakin ruwan da aka yi cikin Yayre a 1994, wanda ya dawo mana da wani ɓangare na makiyaya, sai da masu bincike suka auna suka rubuta tukuna.

Shi ya sa muke cewa 'ya'yanmu da suka gama digiri na farko su shiga wannan fage. Ƙofa a buɗe take. Akwai jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, akwai ta Gaundare, akwai ta Dschang inda ake karatun gona da daji. Makarantar namun daji ta Garwa kuwa tun 1970 take horar da ma'aikatan gandu daga ƙasashen Afirka masu yawa. Ƙungiyoyi irin su WWF da Rufford ta Ingila sukan tallafa wa ɗalibi da kuɗin aikin daji idan ya rubuta buƙatarsa da kyau. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013, baƙi suka ja da baya daga wannan yanki. Yaron da ya tashi a ruga, yana jin Fillanci da Hausa da Larabcin Shuwa, ya san kashin giwa na jiya da na bara, wa zai fi shi?

Kuma dabarun da ake kawo mana daga nesa suna bukatar mai tacewa. A Kenya wata baturiya, Lucy King, ta yi digirinta na dokta a kan shingen amya, don giwa na tsoron ƙudan zuma. Ya yi amfani a can. Sai dai shinge gona yake tsarewa, garke kuwa tafiya yake yi. Wanda ya fi kama da namu shi ne na ƙasar Mali, inda giwaye da shanun Fulani da Buzaye suke haɗuwa a tafkin Banzena, aka zauna da makiyaya aka nemi wani ruwan dabam don a rage cunkoso.

Ku fatake, ku ke da abin hannu. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na shekara biyu bai fi ƙarfin kasuwar shanu guda ba. Ku kuma ardo-ardo, idan ɗalibi ya sauka da littafinsa a shayar da shi nono, a nuna masa mashaya da hanyar giwa, amma a kafa masa sharaɗi: in ya gama ya dawo ya karanta mana abin da ya rubuta da bakin da muke ji. Duk reshen da ke da yaro ko yarinya mai digiri, a miƙa sunansa ga magatakarda kafin a tashi.