Wane Rediyo Za Mu Saya Wa Tsofaffinmu?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Sabo, Ibadan.



Kwamiti ya nemi mu yi tsokaci a kan wani abu da za a ga kamar ƙarami ne, wato rediyon nan mai memori da muke saya wa iyayenmu domin sauraron karatu. Wannan unguwa ta Sabo tun 1916 aka kafa ta, saboda haka yau kusan babu gidan da ba shi da dattijo ko dattijuwa da ido ya yi rauni, ƙafa ta daina kai su majalisin malam. Mutumin da ya saba sauke Alƙur'ani da idonsa, yau baƙi yana yi masa hazo, mu kuma mun fita kasuwa tun asuba. Kunne kaɗai ya rage masa. Kyautata wa iyaye da Allah Ya umarce mu a Suratul Isra'i, har da wannan a ciki.

Da yawanmu mun tashi a zamanin kaset. Kaset ɗin C90 minti 45 yake ci kowane gefe, don haka tafsirin azumi guda sai a cika kwali da shi, ga zare yana sarƙewa ana warwarewa da biro. Amma kaset yana da wata falala da ba mu lura da ita ba sai da ya tafi: inda ka tsayar da shi, nan za ka same shi gobe, kuma maɓallansa manya ne, ko a duhu hannu ya san su. To, waɗannan biyu su ne ma'auninmu in mun shiga Dugbe ko Ogunpa sayen na zamani.

Wani zai ce, me zai hana a saya wa Baba babbar waya kawai? Jama'a, mu faɗi gaskiya. Wayar shafa-shafa ido take so, ga kira yana katse karatu, ga jikoki sun ɗauke ta sun tafi wasa. Ga wanda ido ya yi rauni, ƙaramin rediyo mai cin memori ya fi alheri, kuma ya fi araha.

Da farko a duba maɓallai. A zaɓi masu tudu waɗanda yatsa ke ji, kuma na sauti ya zama na murɗawa irin na da. Akwai masu lambobi daga 0 zuwa 9 a jiki. Waɗannan suna da amfani ƙwarai, domin in an jera surori daidai, Inna za ta danna 36 ta sami Yasin, ta danna 67 ta sami Tabaraka, ba sai ta jira wani ya dawo daga makaranta ba.

Na biyu, kuma shi ne babba: shin yana tuna inda aka tsaya? Waƙa minti biyar ce, ko an koma farko ba a yi asara ba. Amma darasin tafsiri sa'a guda ne ko fiye. In an kira salla Baba ya kashe, ya dawo ya tarar an mayar da shi farko, kwana uku zai yi ya jingine rediyon. Wani yana tuna darasin amma ba ya tuna mintin. Kada mu dogara da rubutun kwali ko bakin mai shago, mu ma 'yan kasuwa ne, mun san bakinmu. A je da memori daga gida, a kunna, a bari ya yi minti uku, a kashe, a cire batir, a mayar, a sake kunnawa. Abin da ya yi a gabanku shi zai yi a gida. Gani ya kori ji.

Na uku batir. Halin wutar NEPA ba sai an faɗa ba. A nemi wanda batirinsa ke fita, ko dai BL-5C irin na tsohuwar Nokia, ko mai kama da gora da ake kira 18650. Duka biyun ana samunsu a kasuwa, in ɗaya ya mutu a sa wani. Wanda aka rufe batirinsa a ciki kuwa, ranar da ya daina riƙe caji sai an nemi mai gyara. Kuma kada a bar shi a caji ƙarƙashin matashi ko cikin rana.

Na huɗu sauti. Kunnen tsufa siririn sauti yake fara rasawa, shi ya sa dattijo zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe ta. Rediyo mai dukan ƙirji na samari ne. A gwada da muryar malami, a ji ko harafi yana fita fes. In za a haɗa da abin kunne saboda dare, a sa ido kada a ƙure sauti, don kada garin neman gira a rasa ido.

Sai maganar memori. Karatu na MP3 yakan ci kamar megabait ɗaya a minti, wato memori mai giga 8 zai ɗauki sama da sa'a 120, ya isa sauka da tafsirin azumi, har da saura. Kada a ruɗe mu da mai 64 ko 128, domin yawancin ƙananan rediyon nan ba sa karanta abin da ya wuce 32. Akwai kuma na jabu, wanda za a rubuta masa 32 alhali cikinsa bai kai ba. In mai turi ya gama, a saurari na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin a biya. A ce masa ya sa lamba 001, 002, har 114, ya kuma tura su a jere. Saƙon murya na WhatsApp sau da yawa ba ya kunnuwa a irin wannan rediyo sai an juya shi zuwa MP3.

Yanzu ga abin da ya fi rediyon kansa muhimmanci: me za a zuba a ciki? Iyayenmu da suka yi makarantar allo da riwayar Warshu suka yi karatu, alhali mafi yawan abin da masu turi ke da shi Hafsu ne. Ka sa wa mahaddacin Warshu karatun Hafsu, yana bi yana tuntuɓe. Shaihu Mahmud Khalil Husari na Masar, wanda ya ɗauki sauka cikakkiya da Hafsu a 1961, ya kuma ɗauki wata da Warshu, a nemo ta. Haka tafsiri. Wani ya tashi da na Shaihu Abubakar Gumi, wani na Shaihu Nasiru Kabara, wani na Shaihu Ɗahiru Bauchi, wani na Shaihu Ja'afar. Malaminsa za ka sa masa, ba naka ba. Kada kyauta ta zama hanyar gardama a gida. Iyayenmu mata kuma a tambaye su, wata Ishiriniya take so, wata kuma a karanta mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam ta tuna ƙuruciya. In mutum mai bin labaran duniya ne, a tabbata rediyon yana da gajeren zango, domin FM ta Kano ko Kaduna ba ta isowa Ibadan.

A ƙarshe muna ba ƙungiya shawara guda biyu. A sa matasanmu masu kwamfuta su tara karatu mai kyau wuri ɗaya, malamanmu su duba, duk mai bukata a tura masa kyauta. Sannan a ƙidaya tsofaffin da ba su da mai saya musu, a fitar musu daga asusu kafin azumi. Wanda kuma ya saya, ya zauna da mahaifinsa ya kama hannunsa ya nuna masa maɓallai har ya iya, ya riƙa leƙawa yana tambaya, "Baba, yau ina malam ya tsaya?"

Allah Ya ba mu ikon kyautata musu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.