Bakin Ƙofar Gidan Zoo na Kano: Jawabi ga Iyaye da Masu Rakiyar Yara

(Wannan shi ne jawabin da muka yi wa iyaye, dattawan ikilisiya, shugabannin Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi na yankin Batsari da Safana. Mun buga shi a nan domin a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.)

  Mun san wasunku sun baro sussuka da casa domin su zo wannan zama. Ubangiji ya sāka muku da alheri.

Kamar yadda fastocinku suka sanar, bayan Kirsimeti za mu kai yaran ikilisiyoyinmu Kano su ga namun daji. Akwai kuma 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da muke rabon agaji tare da su, waɗanda iyayensu suka yarda su bi mu. Ba za mu buga ranar tafiya a wannan takarda ba, kuma kun san dalili. Fasto zai faɗa wa kowane gida baki da baki, mu kuma mu riƙe bakinmu.

Me ya sa za mu yi wannan tafiya?

Wani dattijo ya tambaye mu, ya ce, "Ku da muka sani da rabon hatsi da barguna da magani, me ya kai ku yawon buɗe ido?" Tambayarsa tana kan hanya. Da farko, kuɗin mota ba daga asusun hatsi ya fito ba, gudummawa ce da wasu 'yan'uwa suka bayar domin yara. Na biyu, ku dubi yaran nan da kyau. Wanda yake da shekara 10 yau, tun da ya yi wayo labarin 'yan bindiga yake ji. Da yawansu sun kwana a daji, wasu sun zauna a azuzuwan makaranta a cikin garin Batsari, wasu a gidajen dangi a Dutsin-Ma da Katsina. Kakanninsu suna ba da labarin kura da barewa da gada da birai a Dajin Rugu, amma yaron Runka ko Ruma na yau bai san dajin nan ba sai a matsayin wurin da ba a shiga. A shekarar 2025 an yi zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, amma tsoron da ya shiga zuciyar yaro ba ya fita rana ɗaya. Muna so su samu yini guda na dariya, su ga halittun Allah da idonsu. Gani ya kori ji.

Wurin da za mu je

Sunansa Gidan Namun Daji na Audu Bako, amma duk wanda kuka tambaya a Kano Gidan Zoo zai ce muku. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Titin da ya bi ta gabansa ma da sunansa ake kiran sa, wato Titin Gidan Zoo. Mutanen Batsari za su bi ta Katsina, na Safana su bi ta Dutsin-Ma, mu haɗu a Kankiya, sannan mu wuce Tsanyawa da Bichi mu shiga Kano. Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne. Za mu tashi bayan gari ya waye, mu dawo kafin faɗuwar rana. Ba za mu yi tafiyar dare ba ko da me ya faru. Mun kuma kauce wa ranar Juma'a da ranakun hutun biki, domin a irin waɗannan ranaku cunkoso yakan yi yawa.

Amma yawancin maganarmu ta yau a kan bakin ƙofa take. Iyaye sukan ji tsoron zaki, alhali zaki yana cikin keji. Abin da muka koya shi ne, a bakin ƙofa yaro ya fi ɓata, tun kafin a ga ko da biri ɗaya.

Abin da ya taɓa faruwa da mu

A wata tafiya da muka yi a baya zuwa wani wurin shaƙatawa, mun sauka da yara 32. Jagoranmu ya tafi sayen tikiti, mata biyu suka kai ƙanana bayan gida, sauran manya suka tsaya cinikin ruwan leda. Da muka shiga ciki muka ƙirga, sai muka samu 31. Yarinya 'yar shekara 6 ba ta nan. Kowa yana zaton tana hannun wani. Mun yi kusan awa guda muna nema, uwar tana kuka, mu kanmu ƙafafunmu ba sa ɗaukar mu. Ashe ta ga wata mata mai zani irin na uwarta, ta bi ta har bakin titi. Wata mai sayar da gyaɗa ce ta ga yarinya tana kuka, ta zaunar da ita kusa da farantinta har muka zo. Da aka tambaye ta daga ina take, sunan ƙauyensu kawai ta iya faɗa, kuma babu wanda ya san shi a wurin. Laifin namu ne, ba na kowa ba. Ba mu raba aiki ba, ba mu ƙirga a kan lokaci ba. Ubangiji ya rufa mana asiri, kuma ba ma so mu sake gwada shi.

Saboda haka mun raba bakin ƙofa gida huɗu. Ku riƙe su da kyau.

1. Wurin saukowa daga mota

Titin Gidan Zoo babban titi ne, motoci da a-daidaita-sahu ba sa yankewa. Yaron da ya saba da hanyar ƙauye, inda amalanke da babur ɗaya ke wucewa jefi-jefi, bai san gudun abin hawan birni ba. Idan mota ta tsaya, kada wani yaro ya sauka sai manya biyu sun riga shi, ɗaya a ƙofar mota, ɗaya ta gefen titi. Kowane babba yana da yara 5, an rubuta masa sunayensu. Waɗannan biyar ɗin su ne amanarsa daga safe har yamma. A nan za a yi ƙirga na farko. Ku nuna wa yara motar, su lura da launinta, direba kuma ba zai bar inda ya tsaya ba.

2. Filin da ke gaban ƙofa

Nan ne masu talla suke: masu rake, masu alewa, masu balan-balan, masu ɗaukar hoto. Neman halaliyarsu suke yi, ku gaishe su da mutunci. Amma idon yaro yana bin abin da ya burge shi, ƙafarsa kuma tana bin idonsa. Kada a ba yaro kuɗi a hannu. Wanda iyayensa suka ba shi wani abu, a damƙa wa mai rakiyarsa tun daga gida. Kada a bari a ɗauki hoto sai an yi ciniki tukuna, domin rigima takan tashi bayan an ɗauka. Mata ku ɗaure kuɗi a ciki, maza kada ku sa waya a aljihun gefe, domin duk inda jama'a suka taru ba a rasa ɗan sane. Mun tanadi ruwan sha da abinci daga gida, babu dalilin watsewa neman wani abu.

3. Wurin sayen tikiti

Mutum biyu kaɗai za su je, jagora da ma'aji. Sauran duka su tsaya wuri guda a inuwa, yara a zaune. Za a sayi tikiti a wurin da hukumar gidan ta tanada, ba a hannun wani da ya tare mu ya ce zai sama mana da sauƙi ba. Ma'aji zai ƙirga tikiti a gaban mai sayarwa, ya adana su har mu dawo, domin za mu ba da lissafi ga waɗanda suka ba da gudummawa. Wannan lokacin jira shi ne mafi hatsari, domin a nan ne kowa yake zaton wani yana kula. A nan ne muka rasa yarinyar nan.

4. Ƙofar shiga da bayanta

Za mu shiga layi ɗaya, babba a gaba, yaransa 5 a bayansa, sai babba na gaba. Malamin makarantar Lahadi zai tsaya a bakin ƙofa ya yi ƙirga na biyu, shi ne kuma zai shiga a ƙarshe. Idan ma'aikata suka nemi duba jaka, a buɗe musu ba gardama, aikinsu ne. Kada wani ya zo da wuƙa, ko da ta yankan rake ce.

Da zarar mun shiga, kafin a kalli dabba ko ɗaya, za mu zaɓi wata bishiya ko wani gini da ke kusa da ƙofa, mu tara yara, mu ce musu, "Nan ne gidanmu na yau." Kowane yaro ya taɓa wurin da hannunsa. A nan kuma za a nuna musu bayan gida, a nuna musu irin kayan da ma'aikatan gidan suke sawa.

Maganar tsoro

Iyaye, ga abin da ya fi damun mu. Wasu daga cikin yaran nan idan suka ga mutum da kaki ko bindiga, ko suka ji ƙara mai ƙarfi, gudu suke yi ba tare da tunani ba. A gida wannan gudun ya ceci rayuka. A bakin babban titin Kano yana iya zama ajali. Za su iya ganin jami'an tsaro, za su iya jin balan-balan ya fashe, ko abin wasan nan da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti, ko rurin zaki. Ku fara yi musu bayani tun a gida, da daddare bayan addu'a. Ku ce musu idan sun ji tsoro su kama hannun mai rakiyarsu, kada su gudu. Idan kin san ɗanki yana firgita, uwa, ki faɗa mana a asirce, mu sa shi kusa da wanda ya saba da shi. Ba abin kunya ba ne. Kada kuma a yi wa yaron da ya tsorata dariya ko tsawa.

Idan yaro ya ɓata

Kowane yaro zai rataya kati a wuya, a cikin riga, mai ɗauke da sunansa da lambar wayar jagora. Ku koya masa abu uku: ya tsaya inda yake ko ya koma wurin da muka zaɓa, kada ya fita ƙofa ko da wa ya kira shi, kuma ya nuna katinsa ga ma'aikacin gidan ko ga uwa mai goyo. Mu manya, idan ƙirga bai cika ba, mutum ɗaya zai ruga ƙofar fita ya tsaya, ɗaya ya sanar da ma'aikata nan take, biyu su shiga nema, sauran su zauna da yara. Kada duka mu watse, garin neman ɗaya mu rasa uku. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Kaɗan game da ciki

Za su ga dabbobi irin su zaki, kura, jimina, kada da birai. Kada a miƙa hannu cikin keji, kada a jefi dabba, kada a ba ta abinci. Biri yana fizgar abin da ke hannun yaro. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a wannan gida, aka hana jama'a shiga har sai da aka mayar da shi. Mun faɗi wannan ne domin ku gane cewa idan ma'aikaci ya ce a matsa, a matsa. Daniyel jefa shi aka yi cikin ramin zakuna, ba shi ya tsallaka shinge da kansa ba. Idan lokacin azahar ya yi, za mu dakata a ba yaran maƙwabtanmu dama su yi salla, iyayensu sun ba mu amana. Ƙirga na uku a cikin mota za a yi shi, da kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kafin direba ya tayar.

Kammalawa

Ku karanta Luka 2:41-52 a gidajenku wannan mako. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu, yana ɗan shekara 12, yana cikin ayari tare da dangi, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. Idan zato ya rinjayi iyaye irin waɗannan a cikin taron idi, mu ma yana iya rinjayar mu. Kada wani ya ce "na ɗauka yana wurin wane". A ƙirga.

Muna bukatar ƙarin masu rakiya, musamman daga Zumuntar Mata da matasa masu natsuwa. Wanda ya yarda ya ba da sunansa ga fastonsa kafin Lahadi mai zuwa. Iyaye kuma su sa hannu ko su dangwala a takardar amincewa, yaron da ba shi da ita ba zai shiga mota ba. Ku sa musu rigar sanyi, domin hunturu ne kuma da sassafe za mu tashi.

Ku sa mu cikin addu'a: domin hanya, domin direbobi, domin zukatan yaran nan, da kuma domin zaman lafiya a ƙasar Batsari da Safana. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da yaranmu cif-cif yadda muka tafi. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.